Daga Turɓaya zuwa Kafso: Tarihin Farautar Magani a Cikin Ƙasa

Layin dogo da goro ne suka raini Agege. Jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma an haɗa layin da Kano. Fataken Hausawa, waɗanda kakanninsu ke shafe watanni a hanyar Gwanja, sai suka ga goro ya matso kusa, domin manoman yankin Agege sun dasa shi gonaki-gonaki. Suka sauka, suka kafa zango, suka naɗa sarkinsu. Bayan goro sai shanu, bayan shanu sai dillalai da mahauta, har Oko-Oba ta zama babbar mayankar Legas.

Daga baya wani kaya ya shigo zangon, ya kuma zauna daram: kafso. Akwai ja da yalo, akwai ja da baƙi, akwai fari. Ana samunsa a kemis, ana samunsa a farantin mai talla a bakin tasha. Mai gudawa ya sayi biyu ya haɗiye, mai miki ya ɓare ɗaya ya barbaɗa garin, mai kiwon kaji ya zuba a ruwan sha, mai shanu kuwa nasa na allura ne. Kaɗan daga cikin masu sayen ne suka san cewa tushen yawancin waɗannan magunguna yana cikin turɓaya. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke haɗa su tun kafin ɗan Adam ya san da zamansu. Mutum tonowa kawai ya yi, kuma a tarihin wannan tono har ƙasar Nijeriya an ɗiba.

Yaƙin da ake yi a ƙarƙashin ƙafa

Cokali guda na ƙasar gona yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin bakteriya, ga kuma fumfuna iri-iri. Abinci kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka wasu daga cikinsu suna fitar da sinadaran da ke kashe maƙwabta ko su hana su yaɗuwa. Gwanayen wannan sana'a su ne dangin bakteriyar da masana ke kira Streptomyces, masu tsirowa zare-zare cikin ƙasa. Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa ya riga ya gamu da su, domin wani sinadari ne da suke fitarwa yake ba da wannan ƙamshi. Kusan kashi biyu cikin uku na magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka samo daga halittu, daga wannan dangi da 'yan'uwansa suka fito.

Mutane sun amfana da su tun ba su san sunansu ba. A 1980 masanin nan George Armelagos da ɗalibansa suka ba da rahoton samun tetarasaikilin a cikin ƙasusuwan mutanen Nubiya da ke arewacin Sudan, waɗanda suka rayu tsakanin shekara ta 350 da 550 Miladiyya. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, bakteriyar ƙasa ce ta shiga hatsin da suke jiƙawa suna yin giya, suka riƙa shan maganin tare da abin shan nasu.

Fumfunar Landan da shammam ɗin Peoria

A watan Satumba na 1928, Alexander Fleming ya dawo daga hutu zuwa ɗakin gwaje-gwajensa a asibitin St Mary's da ke Landan, ya tarar fumfuna ta tsiro a wani farantin gilashi da yake renon bakteriya a ciki. A kewayen fumfunar, bakteriyar ta narke. Ya sa wa ruwan da fumfunar ke fitarwa suna penisilin, ya wallafa bayaninsa a 1929, amma tace shi ya gagare shi. Maganar ta kwanta shekara goma.

Waɗanda suka tashe ta su ne Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley a jami'ar Oxford. A 1940 suka nuna cewa penisilin yana ceton ɓerayen da aka sa wa cuta. A watan Fabrairun 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander. Ya fara farfaɗowa, sai maganin ya ƙare, duk da cewa har daga fitsarinsa suke sake tace shi su mayar masa. Cutar ta dawo, ya rasu. Daga nan kowa ya gane cewa gano magani daban, samar da shi da yawa daban.

Ingila tana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka aka kai aikin Amurka. A garin Peoria aka gano cewa fumfunar tana bunƙasa cikin ruwan da ake jiƙa masara a masana'antu, a 1943 kuma aka samu wata fumfuna mai yawan haihuwar penisilin a jikin wani shammam da ya fara ruɓewa a kasuwar garin. Kafin yaƙin ya ƙare, sojojin ƙawance suna samun allurarsa a fagen daga. Fleming da Florey da Chain suka karɓi kyautar Nobel a 1945. A jawabinsa na karɓar kyautar Fleming ya yi gargaɗin cewa idan mutum ya sha ƙasa da abin da ya kamata, zai koya wa ƙwayoyin cutar yadda za su jure maganin ne kawai.

Yadda sa'a ta koma sana'a

Penisilin tsintuwa ce. Wanda ya mai da neman irinsa aiki mai tsari shi ne Selman Waksman, masanin ƙasar noma a jami'ar Rutgers da ke Amurka. Hanyarsa mai sauƙin faɗi ce. A ɗebo ƙasa, a dama ta da ruwa, a shafa a faranti mai abincin bakteriya, a jira su tsiro. A ware kowace iri daban, a ajiye ta kusa da ƙwayar cuta. Idan aka ga fili ya buɗe a kewayenta, cutar ta kasa matsowa, to akwai abin bincike. Wahalar tana wajen maimaita wannan sau dubbai.

A watan Oktoban 1943 ɗalibinsa Albert Schatz, wanda ke aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙwayar tarin fuka mai haɗari, ya samo sitireftomaisin. Shi ne magani na farko da ya yi wa tarin fuka tasiri, cutar da penisilin bai iya taɓawa ba. Kuɗin da suka biyo baya suka raba malami da ɗalibi. Schatz ya kai ƙara kotu a 1950, aka sasanta a kan cewa da shi aka gano maganin, aka yanka masa kaso. Amma da aka zo ba da kyautar Nobel a 1952, Waksman kaɗai aka kira.

Kamfanonin magani suka ga hanya ta buɗe, suka bazama neman ƙasa. Suka riƙa roƙon matuƙa jirgin sama da 'yan mishan da matafiya da wakilansu na ƙasashe su aiko musu da ƙunshin turɓaya daga duk inda suka sa ƙafa. Daga wata gona kusa da Karakas ta ƙasar Benezuwela aka samu kuloramfenikol a 1947, wanda ya zama maganin taifot. Daga filin gwajin noma na jami'ar Missouri, Benjamin Duggar ya fito da Aureomycin, kakan dangin tetarasaikilin. Kamfanin Pfizer ya tace samfurin ƙasa sama da 100,000 kafin ya dace da Terramycin a 1950, kuma abin mamaki ƙasar da ta ba da shi daga kusa da wata masana'antarsa ce a jihar Indiana. Bankomaisin daga dajin Borneo ya zo, ta hannun wani ɗan mishan. Rifamaisin, wanda aka gyara ya zama rifamfisin, daga ƙasar wani dajin bakin teku ne a kudancin Faransa a 1957. A tsibirin Sardiniya na Italiya kuwa, Giuseppe Brotzu ya lura cewa masu wanka kusa da inda ƙazantar birnin Cagliari ke kwarara cikin teku ba sa kamuwa da taifot yadda ake zato. Ya ɗebi ruwan a 1945, ya samu fumfunar da ta haifi dangin sefalosiforin.

Ba kowa ne ya ci moriyar gumin da ya zuba ba. Wani likita ɗan ƙasar Filifin, Abelardo Aguilar, shi ne ya aika wa kamfanin Eli Lilly ƙasa daga lardin Iloilo a 1949. Daga cikinta aka samu eritiromaisin, aka fara sayar da shi a 1952. Aguilar ya yi ta neman a ba shi wani kaso har ya rasu a 1993 bai samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rabon Nijeriya

A cikin wannan rububi ne wani ƙunshin ƙasa daga Nijeriya ya isa Amurka. A 1951 R. L. Harned da abokan aikinsa suka wallafa cewa sun samo wani sabon sinadari daga wata Streptomyces da ke cikinsa, suka kira shi nijerisin. Yana kashe wasu nau'o'in bakteriya, amma dafinsa ga jikin mutum ya yi yawa, saboda haka bai zama maganin asibiti ba. Sai a 1968 aka gano cikakken tsarin gininsa, aka kuma fahimci yadda yake aiki: yana kama gishirin fotasiyam ya tsallaka da shi bangon ƙwayar halitta, ya rikita ma'aunin da rayuwarta ta dogara a kai. Wannan hali ne ya ba shi daraja ta wata fuskar. Yau ɗakunan gwaje-gwaje a duniya suna sayensa domin nazarin yadda kumburi ke tashi a jiki. Wani ɗan'uwansa a gini, monensin, shi ake sawa a abincin kaji domin hana cutar zawon jini. Ƙasarmu ta ba da abu, sunanmu ya bi shi, amma tacewa da wallafawa da sayarwa duk a wani wuri aka yi.

Ta ɓangaren amfani kuwa, babu mai musun abin da waɗannan magunguna suka yi mana. A ɗauki sanƙarau, mai zuwa da zafin bazara. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Brian Greenwood, suka gwada kuloramfenikol da aka haɗa da mai, wanda ke daɗewa a jiki. Sakamakon da suka wallafa a 1979 ya nuna cewa allura guda tana iya warkar da mai sanƙarau. Ga asibitin ƙauye da marasa lafiya suka cika har ƙarƙashin bishiya, ma'aikaci ɗaya ko biyu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Da wannan allura aka tari annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2003 wani gwaji da aka yi a Nijar ya nuna cewa allura guda ta seftiriyazon, jikan fumfunar Brotzu, tana yin aiki daidai da ita.

Haka rifamfisin ya zama ginshiƙin maganin tarin fuka, da kuma haɗin magungunan kuturta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980, haɗin da ake koyar da ma'aikata amfani da shi a cibiyar Saye da ke Zariya. Azitiromaisin kuma, wanda aka ƙera daga eritiromaisin ɗin Aguilar, an raba wa ƙananan yara shi sau biyu a shekara a jihar Doso ta Nijar, rahoton 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari.

Da rijiyar ta fara ƙafewa

Daga shekarun 1960 farautar ta fara gajiyar da masu yin ta. Duk ƙasar da aka ɗebo, sai a sake cin karo da abin da aka riga aka sani. Masanin nan Richard Baltz ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin ɗari na waɗannan bakteriya na ƙasa tana yin sitireftomaisin, alhali mai yin daftomaisin sai an tace kimanin miliyan goma kafin a samu ɗaya. Shi daftomaisin ɗin, wanda aka samo daga ƙasar Dutsen Ararat a Turkiyya, a shekarun 1980 aka gano shi, bai shiga asibiti ba sai 2003. Ga kuma lissafin riba. Maganin hawan jini ana shansa har ƙarshen rai, na kashe ƙwayoyin cuta kuwa mako guda ne, idan sabo ne ma likitoci ɓoye shi suke yi sai ta ɓaci. Manyan kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Achaogen, ya samu izinin sayar da sabon maganinsa a 2018, ya durƙushe a 2019.

Su kuwa ƙwayoyin cuta ba su tsaya jira ba. Tun 1940 aka gano bakteriya mai sinadarin da ke farfasa penisilin, kafin ma a fara raba shi ga jama'a. Dalili a fili yake: halittar da ke zaune kusa da mai dafi tilas ta nemi makari, kuma wannan ya daɗe yana gudana a cikin ƙasa. A 2011 masana a Kanada suka samu ƙwayoyin gadon bijire wa magani a ƙanƙararriyar ƙasa mai shekara 30,000. Abin da mutum ya ƙara shi ne sauri. Duk lokacin da aka sha kafso biyu aka bari, raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin su rage su hayayyafa, har su miƙa wa wasu dabarar.

A nan ne labarin ya shafi zangon Agege kai tsaye. Saniyar da ta sha doguwar tafiya daga Arewa a tirela takan iso a galabaice, kuma abin da aka saba shi ne a yi mata allurar oksitetarasaikilin, wato Terramycin ɗin nan na 1950, don ta miƙe. Ƙa'ida ita ce a jira wasu makonni maganin ya fita daga jikinta kafin a yanka. Dillalin da ke biyan kuɗin ciyawa da na tsaro kowace rana yana da dalilin gaggawa, amma ragowar maganin kan bi nama zuwa tukunya, ya bi ruwan wankin mayanka zuwa kwata. A haɗa da mai mura da ke sayen kafso alhali mura ba ta jinsa, da jabun magani mai rabin ƙarfi, sai a ga yadda ake horar da ƙwayoyin cuta kullum ba tare da an yi niyya ba. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da abin ya fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na tunkarar matsalar a 2017.

Komawa ga ƙasa da sababbin dabaru

Abin da ya farfaɗo da farautar shi ne gano cewa masu neman farko saman tukunyar kawai suka kwashe. Kusan kashi 99 cikin ɗari na bakteriyar ƙasa ba sa yarda su tsiro a farantin ɗakin gwaji. Waɗanda ke tsirowa ma suna ɓoye mafi yawan abin da suka iya. Da aka karanta dukan ƙwayoyin gadon wata Streptomyces a 2002, sai aka ga tana da umarnin haɗa sinadarai sama da 20, alhali 'yan kaɗan aka san ta da su bayan shekaru ana nazarinta.

Kim Lewis da Slava Epstein na jami'ar Northeastern da ke Boston suka ƙera wani ɗan allo mai ƙananan ramuka. A sa ƙwaya ɗaya a kowane rami, a rufe da tantani mai barin ruwa da abinci su ratsa, a mayar da allon cikin ƙasar da aka ɗebo ta, ta girma a gidanta. Ta haka suka samu teksobaktin daga ƙasar wani fili a jihar Maine, suka bayyana shi a 2015. A gwajin da suka yi, ƙwayar tarin fuka da ta maruru ba su iya bijire masa ba. A 2025 kuma masana a jami'ar McMaster ta Kanada suka bayyana lariyosidin, daga ƙasar bayan wani gida a garin Hamilton, bayan sun bar ta kusan shekara guda don masu jinkirin tsiro su fito. Har yanzu babu ɗayansu da ya isa kantin magani, domin tsakanin faranti da asibiti akwai gwaji a kan dabbobi da mutane da kan ci shekara goma ko fiye.

A wannan zagaye Afirka ta Yamma ta fara ɗibar ƙasarta da hannunta. A Jami'ar Ghana da ke Legon, Kwaku Kyeremeh tare da masanan jami'ar Aberdeen ta Sikotland sun ware wata Streptomyces daga ƙasar Legon, wadda ta ba da sababbin sinadarai da dama, cikinsu akwai legonmaisin a 2015 da akaramaisin a 2019. A Jami'ar Legas da ke Akoka, masana sun ɗebo laka daga gindin tafkin Legas, inda ruwan daɗi da na gishiri da dattin birni ke haɗuwa, suka ware ire-iren Streptomyces daga ciki. Rahotonsu na 2019 ya nuna wasu sinadaran da suka samu suna kashe ƙwayoyin cutar daji a ɗakin gwaji. Dokar duniya ma ta sauya: yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta tana da haƙƙin a nemi izininta, a kuma raba amfani da ita.

Sai dai haƙƙi a takarda ba ya tace sinadari. A jami'o'inmu ɗalibai da yawa suna kaiwa matakin Waksman: su ɗebo ƙasa, su ga fili ya buɗe a faranti, su auna faɗinsa, su rubuta kundin kammala karatu. Matakin da ke biye shi ne mai tsada, wato ware sinadarin shi kaɗai, a gano gininsa, a karanta ƙwayoyin gadon mai yin sa, don a san ko sabo ne ko tsohon sitireftomaisin ne aka sake tsinta. Wannan yana buƙatar na'urori masu aiki, da wutar da ba ta yankewa, da firjin da zai adana ƙwayoyin shekara da shekaru, da kuɗin bincike da ba ya ƙarewa da ƙarewar digiri.

Wuraren nema kuwa muna da su. Tarihin nan ya nuna cewa sabon abu ya fi fitowa daga inda rayuwa ta yi tsanani ko inda ba a taɓa dubawa ba: ƙasar kanwa ta yankin Tafkin Chadi, fadamun Haɗeja da Nguru, rijiyoyin marinar Ƙofar Mata, ramukan majema, surin gara, da kwatar mayankar Oko-Oba kanta, inda bakteriya ke fama da ragowar magani kullum. Idan jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Legas suka haɗa rumbu guda na ƙwayoyin da suka ware, kowace da rajistar inda aka ɗebo ta, suka kuma haɗa kuɗi a kan ɗakin tacewa ɗaya da ke aiki sosai, to duk kamfanin da ya zo neman sabon magani zai tarar da masu kaya a zaune, da farashinsu.